Tuwon Alhaji Mai Kulob

Wawan labarin nan ni ne, kada kowa ya wahala wajen nemansa.

Shekarar da soja suka koma bariki, kulob ɗin ƙwallonmu kowa ya zo sai ya ci mu. Mai shi, wani Alhaji a Goron Dutse, ya sayar da golanmu ya shiga takara. Na ce wa 'yan majalisarmu ta hira ai yanzu dimokuraɗiyya ake, ni da na leƙa elemantare zan je in wanke shi tas.

Muka cika masa zaure. Ana cikin gaisuwa aka shigo da tuwon shinkafa da miyar taushe. Sauran suka ce sun ƙoshi. Ni na ɗauka kunya ce, na wanke hannu.

Da na suɗe kwano, Alhaji ya ce, "To Malam, me ke tafe da ku?"

Yaya zan zagi mutum da miyarsa a gemuna? Na ji bakina ya ce, "Fatan alheri muka kawo." Har addu'a na ja.

Ran Asabar aka sake lallasa mu. Na miƙe ina tsine wa Alhaji. Ɗanladi tela ya ja rigata, ya ce, "Zauna, Malam. Shi gola ya sayar, kai kuwa mu ka sayar a kan taushe."