Cokalin Slatko da Mama Ta Miƙo Mini

Yau na zaro kwat ɗin da na yi aure da shi, na tsaya a ƙofar benenmu tun hantsi ina jiran manyan baƙi, har karen unguwa ya zo ya shinshina ni ya ƙara gaba. An ce mana Hukumar Tantance Tsofaffi za ta iso da safe. Sai da rana ta karkata ta iso. Direbansu ya ce layin gidan mai ne ya riƙe su, ni kuwa na ji daɗi ƙwarai, domin ban taɓa sanin motar hukuma ma tana bin layi ba. Ƙasa tana ci gaba, jama'a.

Ga waɗanda ba su saba karanta ni ba, sunana Radoje, motar bas ta cikin gari nake tuƙawa. Mahaifiyata Leposava tana fama da ciwon mantuwa. Matata Dobrila ta ajiye aikinta na gidan burodi don ta zauna da ita, mai gidan burodin kuma ya ce zai riƙe mata gurbinta zuwa ƙarshen watan nan, daga nan sai haƙuri. Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba: a karɓi Mama a gidan yini na tsofaffi, ta wuni can, mu ɗauko ta da yamma. Kun san gidan, wanda Masu Girma suka buɗe har sau biyu, kowanne gab da zaɓe. Amma ba a shiga sai Hukuma ta zo ta gani da idonta cewa tsohuwa ta ruɗe da gaske.

To a nan gizo ke saƙar, domin ƙasar nan kaf yanzu ta san yadda ciwon mantuwa yake. Talabijin ta koya mana. Duk ranar Lahadi ake nuna wasan nan na tsohuwar da ta mance 'yarta, wanda aka ce da kuɗin jama'a aka shirya shi don a wayar mana da kai. Jarumar tana zaune a bakin taga, furfurarta a barbaje amma barbajewar gwani, ana kaɗa goge a hankali, hawaye yana gangarowa daga ido ɗaya. Ba ta taɓa barin murhun gas a kunne ba. Ba ta taɓa zargin surukarta da satar labule ba. Ban raina wasanta ba, wallahi ta iya, ni ma na share ido. An ce makonni ta yi tana zuwa gidan tsofaffi tana nazarinsu, abin da ya nuna hanya mafi sauƙi ta shiga gidan tsofaffi a ƙasar nan ita ce ka zo da kyamara. Har lambar yabo Mai Girma Uban Raya Al'adu ya rataya mata, ya kuma yi jawabi cewa daga yau babu tsohon da za a mance da shi.

Tamu tsohuwar ba ta kallon taga. A watan jiya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa muka same ta, da silifas ɗin ɗaki, tana jiran jirgin da aka dakatar tun ina saurayi. Ban ga laifinta sosai ba, tunda duk kakar zaɓe ana cewa ya kusa dawowa.

Maƙwabcina Milisav ne ya fara hango matsalar. Ya yi shekaru yana yaga tikiti a ƙofar gidan wasan kwaikwayo na garinmu, saboda haka yake ɗaukar kansa masanin harkar.

"Maƙwabci, tsohuwar nan taku za ta faɗi jarrabawa," in ji shi, muna tsaye a matakala. "Ta cika tsafta."

"Jarrabawar me kuma? Ba ta da lafiya fa."

"Rashin lafiya daban, nuna shi daban. Mutanen nan wasan Lahadi suke kallo kamar kowa. In ba su ga taga da gashi a barbaje ba, ka tashi a tutar babu. Bar ni da ita, ni zan koya mata."

Shekaranjiya ya zo koyarwa. Ya ja kujera bakin taga, ya ce, "Kaka, zauna nan, ki kalli nesa kamar kina neman wani abu da ya ɓace." Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta ga baƙo, ta shige kicin. Sai ga ta da faranti: ƙaramin kwano na slatko ɗin ɓawon kankana da aka dafa da sukari, cokula masu ƙyalli, da tambulan na ruwan sanyi. Milisav ya ɗebi cokali guda, ya kora da ruwa, ya saka cokalin cikin tambulan kamar yadda kowane baƙo mai tarbiyya yake yi. Da ta mance ta ba shi, ta sake kawowa, ya sake karɓa. Haka darasin ya ƙare, malami ya tafi gida yana gyatsa.

Yau da safe Dobrila ta ɓoye matajin Mama a aljihunta, don Hukuma ta same ta da gashi a barbaje. Ta fito daga ɗakin idonta jajir, ta ce, "Radoje, dubi abin da suka mai da mu. Matar da ba ta taɓa fita zubar da shara ba sai ta gyara kai." Kunya ta kama ni, na sauka ƙasa jiran baƙi.

Da suka iso na yi musu jagora zuwa sama: Ranka Ya Daɗe Babban Likitan Hukuma a gaba, da wata ma'aikaciya a bayansa. Na danna ƙararrawar gidana da kaina, don a shigo da girma. Kafin Dobrila ta buɗe, Mama ta jiƙa hannu a famfo ta kwantar da gashinta, ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta tsaya a miƙe kamar shekaru ashirin sun sauka daga kanta. Matar da jiya ta kasa gane inda banɗaki yake.

"Maraba, maraba! Ku shigo, kada ku cire takalmi. Kun sha hanya."

Likita ya zauna, ya gyara tabarau. "Kaka, wace shekara muke ciki?"

"Haba ɗana, kai da karatunka ka zo tambayar tsohuwa shekara?"

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "To wa yake shugabancin garin nan yanzu?"

"Wannan da ya ce zai gyara titi."

"Daidai!" in ji Ranka Ya Daɗe. Ni ma na rasa ta inda zan ƙaryata.

Sai farantin ya fito. Hannunta bai ko girgiza ba. Ta fara da likita, ta matsa wajen ma'aikaciyar, sannan ta juyo ta tsaya a gabana. Ta ɗan rusuna, ta yi mini murmushin da take yi wa limamin coci, ta ce, "Ɗauki mana, Malam, kada ka ji kunya. Gidanku ne."

Jama'a, ku da kuka tashi a ƙasar nan, ku gaya mini: wace uwa ce take ba ɗan cikinta slatko a faranti? Tun ina yaro, in hannuna ya doshi kwalbar nan sai na sha duka, domin ta baƙi ce. Ta mance ranaku, ta mance hanya, ta mance Baba ya rasu, amma ni ba ta taɓa mance ni ba sai yau. Na karɓi cokalin. Dobrila ta juya fuska bango.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ka ga ni ma ta ba ni."

"Na gani. Uwa mai karamci."

"Ni ɗanta ne fa. Taka mahaifiyar ta taɓa ba ka?"

Ya kau da kai, domin shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san amsar. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. Amma manya ba sa rasa abin faɗa.

"Malam Radoje, ka kalli kashi na ƙarshe na wasan nan? Lokacin da ta kasa gane 'yarta, ihu ta yi, farantin ya faɗi ya tarwatse. Matata har kwanciya ta yi don kuka. Abin haka yake zuwa. Dubi taka, ko ɗigon ruwa bai zuba ba. Ka gode wa Allah. A sake neman mu baɗi, in abin ya yi tsanani."

Ya ƙara cokali na biyu, ya yaba ɓawon kankanar, suka sauka. Ina yi wa Hukuma jinjina. A wasu ƙasashe sai likita ya yi shekaru yana karatu, namu kuwa ranar Lahadi kawai ta ishe shi.

Ƙofa na rufuwa Mama ta zube a kujera kamar an zare mata laka. Duk ƙarfin da ta tara na mako guda ta ƙarar da shi wajen karɓar baƙi. Can ta ɗago ta gan ni tsaye da kwat, cokali a hannu.

"Malam, abokan tafiyarka sun wuce fa," ta ce da ladabi. "Ba korarka nake ba, amma ɗana ya kusa dawowa daga aiki, ban ɗora masa komai ba."

Na ce to, na gode da karamci. Na fita, na sauka hawa ɗaya, na cire kwat ɗin na rataya a ƙofar Milisav. Na hau da 'yar shara, na buɗe da makullina ba tare da ƙararrawa ba, na yi jifa da takalmi kamar yadda ta hana ni tun ina firamare.

"Mama, na dawo! Akwai abinci?"

"Sai yanzu? Baƙi sun zo sun tafi, kai kana can kana gantali." Sai idonta ya sauka a hannuna. Ta miƙe, ta make ni a bayan hannu, ta fizge cokalin. "Radoje! Sau nawa zan gaya maka wannan na baƙi ne?"

Ban taɓa jin daɗin duka irin na yau ba. Dobrila ta yi dariya da hawaye a fuska, ta zaro matajin daga aljihu ta zauna tana taje wa Mama kai. Ba ta dube ni ba ta ce gobe za ta je gidan burodi ta gaya musu su ba wata gurbin.

Saboda haka, Masu Girma masu rabon lambar yabo, in kuna da ragowa ku leƙo hawa na uku. Akwai tsohuwar da ta yi wasan mai lafiya har ta ruɗi likitan hukuma, ba goge ba kyamara, akwai kuma ɗanta da ya fara koyon fitowa a matsayin ɗanta. In kun zo ku danna ƙararrawa, za ta karɓe ku hannu bibbiyu. Slatko ɗin dai ya kusa ƙarewa, wadda ta san yadda ake dafa shi kuma ta mance.