Yadda Ake Sayo Mutunci a Shagon Rangwame na Santiago

'Yar'uwa, in dai ke mutuniyar Mendoza ce, kina da biki a gaba da suruka mai kallon mutum daga takalmi zuwa gashi, to kin zo wurin magani. Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi miki alkawari za ki dawo daga Santiago, babban birnin Chile da ke can bayan dutse, da kamannin matar mai gonar inabi. Da idona na ga aikinsu a kan maƙwabciyata Doña Mirta, mai gyaran gashi a layinmu.

Mataki na Ɗaya: Samo Dalili Mai Ciwo

Kada ki tsallaka dutse don sha'awa kawai. Sha'awa tana gajiya tun a tashar mota. Haushi ne ke kai mutum har gida.

Ɗan Mirta zai auri 'yar Doña Delfina, wadda gonakin inabinta sun fi unguwarmu faɗi. Ranar da iyaye suka haɗu, Delfina ta dubi jakar Mirta ta yi murmushi ta ce, "Irin wannan tana da ƙarko, ko? Mai yi mana wanki ma tata ta daɗe." Mirta ta shanye. Washegari ta yanki tikitin mota.

Mataki na Biyu: Tafi da Mijinki

Ba don shawara ba. Miji akwati ne mai ƙafafu.

Don Anselmo, mijin Mirta, ya ce, "Tsohuwa, me zan je yi a Chile? Ba ni da abin saye."

"Wa ya ce saye za ka yi, tsoho? Tsayuwa za ka yi. Ai ka iya."

Mataki na Uku: Fara da Kantin da Ya Fi Ƙarfinki

Shiga irin kantin nan mai ƙamshi, wanda jaka ɗaya ke zaune ita kaɗai a cikin gilashi kamar basarakiya. Kada ki tambayi farashi; mai kuɗi ba ya tambaya, yatsina fuska yake yi. Taɓa komai da ɗan yatsa ki ce, "Hmm, ta bara ce." Sannan ki sayi hankici, ki nemi su sa miki shi a babbar jakar takarda mai ɗauke da sunan kantin. Wannan jakar ita ce ainihin hajar. Masu hikima sun ce ido buhu yake gani, ba hatsi ba. Ko ba su ce ba, ya kamata su ce.

Mirta ta yi komai daidai, sai dai Anselmo ya zauna a kan wata kujera da ashe ta sayarwa ce, ya fito da ɗan ƙoƙonsa ya fara zuƙar shayin mate.

Mataki na Huɗu: Yanzu Wuce Inda Ake Sayayyar Gaskiya

Shagunan rangwame suna can bayan gari. Sa baƙin tabarau, kada ki gaisa da duk wanda ya yi magana irin ta mutanen garinmu, ko da ke kika yanke masa cibiya. Ajiye kunya a bakin ƙofa, ki shiga da gwiwar hannu.

A ƙasan wani babban kwando Mirta ta hango jakar fata ruwan zuma, ƙanwar wadda ke zaune cikin gilashi. Ta cafki hannunta ta ja. Jaka ta ƙi tahowa. A ɗaya gefen wata mata mai baƙin tabarau da ɗankwali har goshi ta riƙe gam.

"Baiwar Allah, ni na fara gani," in ji Mirta.

"Gani ba riƙo ba ne."

"Saki, kada ki ji ciwo. Hannun nan ya saba da gashin da ya cukurkuɗe."

Suka ja, suka ja, har tabaran matar ya zame. Doña Delfina ce. A kafaɗarta kuma babbar jakar takarda mai sunan kanti mai ƙamshi, babu komai ciki sai hankici.

Mataki na Biyar: In An Kama Ki, Ki Kama Wanda Ya Kama Ki

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma ta mutum biyu da ladabi ake ninke ta.

Delfina ta gyara murya. "Mai wankinmu nake saya wa."

"Allah sarki," in ji Mirta. "Ni ma ita nake saya wa. Tata ta daɗe."

Delfina ta dube ta, dariya ta kuɓuce mata har ta dafa kwando. Da ta lafa ta rage murya ta ce ƙanƙara ta lalata inabi bana, abin da ya rage duk ya tafi a hidimar biki, ko 'yarta ba ta sani ba. Mirta ta ji tausayinta ƙwarai. Amma ba ta saki jaka ba.

Anselmo ne ya raba gardama daga inda yake tsaye, kaya rataye a wuyansa: Delfina ta riƙe a coci, Mirta ta riƙe a wurin walima.

Mataki na Shida: Abin da Ke Jikinki Ba Kaya Ba Ne

'Yan kwastan na kan dutse akwati suke buɗewa, ba mutum ba. Ciccire alamun farashi, ki saka komai a jiki, ko da tsakiyar zafi ne.

Anselmo ya sauko daga mota cikin riguna bakwai da kwat ɗin mata mai gashi a wuya, hannuwansa a buɗe kamar mutum-mutumin gona. Jami'i ya kewaye shi.

"Baba, lafiya? Gumi kake yi."

Delfina, wadda mota ɗaya suka shigo, ta tako, ta ɗaga haɓa. "Ɗan samari, surukina ne. Likita ya ce ya yi gumi. Za ka hana shi?"

Ya buga musu hatimi.

Mataki na Bakwai: Ranar Biki, Yi Shiru Jaka Ta Yi Magana

A ƙofar coci wata ƙawar Delfina ta shafa jakar ta ce daga ina. Delfina ta ce, "Paris." Da aka zauna walima, matar nan ta ga jakar a cinyar Mirta. Ta duba hagu, ta duba dama, ta matso.

"Ke kuma taki daga ina?"

Mirta ta ƙanƙame jakar. Delfina ta miƙo hannu daga can gefen tebur ta dafa kafaɗarta.

"Tare muka je."

Har yau duk mai zuwa gyaran gashi sai ta tambayi Mirta labarin Paris. Takan ce, "Akwai cunkoso. Kuma matan can ba sa saki."

Gargaɗi

Marubuciyar nan ba ta san ki ba, ba ta taɓa zuwa Santiago ba, ba ta da maƙwabciya. In mijinki ya suma a gaban kwastan, ko surukarki ta kasance mai kuɗin gaske ta gan ki kai a cikin kwando, ke da ƙafafunki. In kuma kika hango wata mai baƙin tabarau riƙe da ɗaya hannun jaka, ba ni ba ce. Amma ki saki.