Ranar da Hajiya Tamo ta ɗanɗana sabuluna

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da na tsufa na manta sunayen jikokina. A lokacin na gama formasiyon, wato horon haɗa sabulu na kwana biyar, an ba ni takardar shaida mai tambari, na sa ta a gilashi na rataye a falo. Tun daga ranar maƙwabta suka shiga uku da ni. Ko gaisuwa aka yi min, sai na kawo zancen soda da man kaɗe.

Sai ƙungiyarmu ta matan unguwa ta ce tana neman wadda za ta koya wa sauran sana'ar, ita ce kuma za ta riƙe rumfarmu a baje-kolin da ke tafe. Ni kuwa na riga na naɗa kaina. Na sayi mul, wato mazubi na roba mai siffar tambarin Agadas, irin wanda maƙera ke yi da azurfa, na haɗa sabulu da nonon raƙumi, na zuba. Saura kwana huɗu taron ƙungiya.

Malamar da ta koya mana ta ce a bar shi kwana biyu a mul, sannan ya sha iska a inuwa sati huɗu, bayan nan a taɓa shi da bakin harshe: in ya yi zafi, sodar ba ta mutu ba. Na ce wannan dokar mutanen ƙasar sanyi ce. (Lasar sabulu kuwa, ni da takarda a gilashi? Allah ya kiyaye.) Washegari na juye mul. Hannuwan tambarin duk suka maƙale a ciki, abin da ya fito kamar kunun da ya kwana. Ban karaya ba. Na danne su da wuƙa, na yanka fale-fale masu kusurwa huɗu, na shanya a kan tabarmar kara a bisa soro. Rana ta gasa su, tabarma ta zana musu layi-layi.

Ranar taro na jera su a faifai, na ajiye a tsakiya kusa da butar shayi, na miƙe tsaye. Shugabarmu Hajiya Tamo, tsohuwa ƴar Timia da ba ta jin faransanci ko kalma ɗaya, tana zaune da kofinta. Ni kuwa da faransanci na buɗe jawabi, don a san an yi karatu. Ina cikin "Mesdames" na uku sai na ji ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, kin san ba na shan shayi ba cuku."

Kafin in juyo ta gatsa.

Wallahi sai a lokacin na kalli faifan da idon mutane. Fari-fari, fale-fale, ga zanen tabarma. Ko ni aka miƙa wa da shayi, da na ci. Hajiya ta tofar, ta kurkure baki har sau bakwai, idonta na hawaye, mata na ta salati, wasu sun cusa baki cikin mayafi kafaɗunsu na rawa. Ni dai ina tsaye, na ji kamar in shige butar shayin.

Da ta samu numfashi sai ta ce, "Ɗiyata, wannan abin da ya ƙone min harshe, shi za mu sayar wa mutane su wanke jarirai?"

Rumfar dai ƴar ƙungiyarmu Rabi aka ba, wadda ba ta da takarda, tana da haƙuri. Ni aka ba ni suna: har yau a kasuwa Madam Cuku ake ce min. Yanzu sabuluna sati shida yake yi a inuwa, kuma kowane zubi sai na lasa da kaina, don na ga abin da ke faruwa idan shugaba ce ta yi maka gwajin.