Rasuwar Bajimi, Mashin Ɗin Muntari Ɗantani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ba ta faɗuwa, Malam Muntari Ɗantani na Aliero yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya ko da yake sun riga kowa ji, rasuwar mashin ɗinsa, Bajimi. Ajali ya cim masa ranar Talata da hantsi, cikin wani kwari tsakanin Karayen Maiyama da titin Jega. Wata bakwai ya yi a hannun mai shi. Shekarunsa na gaskiya kuwa, sai Turawan da suka gaji da shi suka jefo mana za su iya faɗa.

Bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da irin albasar gidan Ɗantani na bana gaba ɗaya, irin da mahaifinsu ya bari, wanda ake juyawa shekara da shekaru ba a taɓa sayen na kasuwa ba. Gida ne mai baki goma sha tara, kuma albasar nan ita ce tuwonsu, ita ce suturarsu.

Marigayi mashin ne mai kwarjini, wannan ko maƙiyi ya shaida. Tsawonsa ya kai sai Muntari ya nemi dakali kafin ya hau, in ya tsaya kuma da ɗan yatsan ƙafa ɗaya yake taɓa ƙasa. Yana da akwatunan ƙarfe biyu, dama da hagu, da gilashin tare iska, da fitilu huɗu. In ya yi gyaran murya da safe, gurum-gurum-gurum, kajin unguwa kan watse, tsofaffi su yi salati. An ƙera shi ne don keta sahara da hawan duwatsu, amma cikin tawali'u ya yarda ya ƙare rayuwarsa tsakanin Aliero da teburin mai shayi a Jega Sabon Gari. Bai taɓa ɗaukar buhun albasa ko ɗaya ba, don Muntari ya ce warin zai kama kujera. Mai kuwa yana sha kamar raƙumin da ya dawo daga fatauci, bai taɓa cewa ya ƙoshi ba.

A teburin mai shayin nan cutar ta samo asali. Can ne Muntari kan haɗu da Lukman, wani mai shagon waya da shi ma ya sayo irin wannan ƙaton mashin, su wuni suna gwada na wa ya fi. Wannan ya ce tayarsa ta fi kama taɓo, wancan ya ce cikin nasa ya fi nisa da ƙasa. Su zaro waya su nuna Bature yana ratsa kogi a tsaye kan mashin, ruwa na tashi hagu da dama. Lukman ya fi kowa iya bayanin tuƙi cikin ruwan sama, alhali ko hadari ya gani sai ya tura nasa cikin shago ya lulluɓe da tamfol. Muntari ne dai, bawan Allah, ya ɗauki zancen da gaske.

Ana cikin marka, yayansa Tukur, wanda shi ke riƙe da gandun gidan, ya aike shi Karaye ya ɗauko irin da aka casa a gonarsu ta can, don lokacin yafawa ya yi. Ya ja masa kunne ya bi hanyar tudu ko da ta fi nisa. Muntari ya zuba irin cikin jakunkunan ƙyalle, ya kulle a akwatin dama, wanda aka rantse masa ruwa ba ya shiga. Ya sa hular kwano da rigar ruwa, ya biyo ta kwari.

To, kowa ya san yadda ake ƙetare kwarin nan in ya kawo. Ɗan kabu-kabu kan sauka, ya kashe inji, ya cusa leda a salansa, mutum biyu su ɗaga masa mashin a kafaɗa su fitar da shi. Da masu ɗauko suka ga Bajimi, su huɗu suka taru suka gwada, ko motsi bai yi ba. Babbansu, wani mai suna Maigari, ya ce, "Malam, wanga ba na ɗauka ba na. Ka koma ta tudu, ko ka jira ruwa shi janye." Muntari ya ce ai don irin wannan rana aka ƙera shi. Har ya miƙa wa wani wayarsa ya ɗauke shi, saboda Lukman ya gani.

Marigayi ya shiga da ƙarfinsa, Muntari a tsaye kansa kamar Baturen. Ya yi taku kamar goma. Daga nan taɓo ya riƙe tayar baya, ruwa ya haura tanki, aka ji fut-fut-fut, ya kwanta a kan gefensa na dama. Da aka jawo shi da igiya, 'yan kabu-kabu suka roƙi Muntari kada ya tayar, a bari a kwance fulogi a zubar da ruwan ciki. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Ya danna maɓalli. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce ƙwas, ba a sake jin muryarsa ba.

An kai shi Jega a bayan a-kori-kura. Makanikai uku suka duba shi, kowa ya kwance abin da ya iya kwancewa, ba wanda ya iya mayarwa. An nemi kayansa Birnin Kabi, an nema Sakkwato, aka ce sai dai ƙasar da aka haife shi.

Makullin akwatin kuwa ya faɗa ruwa. Kwana biyar Tukur na tambayar iri, kwana biyar Muntari na cewa yana nan lafiya lau, kuma bai yarda a fasa akwatin ba don kada a ɓata masa kyau. Ran na shida Tukur ya zo da kansa da guduma. Gaskiya ne akwatin na da kyau, don ruwan da ya shiga ko ɗigo bai fita ba. Irin ya kumbura, ya tsira, ya ruɓe, yana wari. Muntari ya yi kuka ranar, kuka na gaske, kuma ba don mashin ba.

Marigayi ya bar mai shi da targaɗe a ƙafa. Ya bar uwargida Iklima, wadda sau ɗaya ya ɗauke ta, ta sauko ta ce ita da shi har abada. Ya bar hular kwano, da akwatin hagu wanda yanzu kaza ke ƙwai a ciki, da bidiyon rasuwarsa da ya zaga Jega da Aliero da Maiyama. Ya bar ɗan'uwansa na wajen Lukman, cikin ƙoshin lafiya a ƙarƙashin tamfol.

Za a kai gawa wurin 'yan gwangwan na kasuwar Jega ranar Asabar da safe, inda za a ɗora ta a sikeli. Ba a buƙatar rakiya. Za a karɓi gaisuwa a gonar gidan da ke Aliero, bakin fangalin da aka gyara aka bari ba komai a ciki. Duk mai zuwa, in da hali, ya riƙo ɗan ƙullin iri ko na wane iri ne, ba a zaɓe. Wanda bai sami zuwa ba, Muntari zai iske shi har gida, da ƙafa.

Tukur ya ce a yafe masa zaman makoki, shi ya riga ya yi nasa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya haƙa rami a bakin gona, ya zuba irin mahaifinsu, ya rufe da hannunsa.