Rasuwar Marka, Kwamfutar Ɗan Asabe Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da bai bushe ba tukuna, Ɗan Asabe mai hoto na bakin kasuwar Talata Mafara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Marka, don tsakiyar damina ya sayo ta. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburinta, idonta biyu.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Ta sha zafin bazara da ɗaukewar wuta, iyaka dai fankarta ta yi "fuuu" ta ci gaba da aiki. Amare nawa ta goge wa ƙuraje, angwaye nawa ta ƙara wa haske, ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Duk fuskar da aka ɗauka a biki ko suna, daga Bakura har Maradun, a cikinta take ajiye.

Ciwon ajalinta ya shigo ta wani saƙo mai cewa kwangilar buga fosta ce. Ɗan Asabe ya buɗe da murnarsa. Kafin ya shanye shayinsa an kulle duk hotunan da ke cikinta, allon ya yi ja, wasu da ba a san ko su wa ba ne suna neman kuɗin fansa. Tsohon maganin bairos ɗinta, wanda ake yi wa kallon maigadi, ko tari bai yi ba. Faifan ajiyarta na waje ma ya bi ta, domin kullum a jikinta yake maƙale kamar ɗan goye.

Gaskiya an yi gargaɗi. Tun bara Mukhtar mai gyaran kwamfuta ya ce maigadi ɗaya ba ya tsare gida, sai an haɗa da katanga da kwaɗo. Ya ce akwai manhajar da aikinta kawai tare masu kulle fayiloli, a sa wa Marka ita ta zame mata garkuwa, a kuma riƙa cire faifan ana ajiyewa daban. Da jin kalmar garkuwa, Ɗan Asabe ya toshe kunne, don a ƙasar nan ba kariya take fara kawo wa mutum a rai ba. "Kak ka yi man mugun baki cikin shago," in ji shi. Maganar ta mutu a nan. Ga shi an yi garkuwa da ita har ɗaka, ba babur, ba bindiga. Ba a biya fansar ba, kowa ya san biya ba ya tabbatar da dawowa.

Ta rasu ta bar firinta ɗaya, da linzamin kwamfuta mai gurguwar waya, da janareta da ba ya tashi sai da lallashi. Ta kuma bar wata mata mai suna Baturiya, mutuniyar ƙauyen Dakko, tana jira. Mijinta Barau, mahauci, ya rasu tana da ciki, hotonsa ɗaya tak ke duniya, wanda Ɗan Asabe ya ɗauka a wani suna. Yanzu 'yarsu ta fara tambayar kamannin babanta, shi ne Baturiya ta roƙi a wanke mata hoton babba, aka ce ta dawo Talata, ranar kasuwa. Wannan ne ya fi ci wa Ɗan Asabe rai, ko abinci ya kasa ci.

Za a yi mata wanka a shagon Mukhtar ranar Litinin bayan azahar, a goge cikinta tas, a sa mata garkuwar da aka hana ta tana raye. Ba zaman makoki. Mai niyyar ta'aziyya ya zo shagon hoton ranar Talata da safe, ya tsaya kusa da Ɗan Asabe, domin a motar farko Baturiya za ta iso, kuma ta ce da yarinyar za ta zo.