Rasuwar Barkono, Rigar Sanyin Don Hilarión

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, Don Hilarión Limachi na birnin El Alto, mai yi wa masu hawan dutse jagora, yana sanar da 'yan uwa, da abokan igiya, da masu girki a sansanin dutsen Huayna Potosí, rasuwar rigarsa ta sanyi, wadda aka fi sani da Barkono. Ta rasu ranar Talatar challa, bikin sa wa dukiya albarka, da hantsi, a tsakar gida, a gaban shaidu, bayan doguwar jinya da gajeriyar gobara.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya, domin da girmanta ya tsinto ta a tulin gwanjo na kasuwar Alhamis. Ja ce wur a lokacin, cike tam da gashin agwagwa. Ta yi masa hidima ba ƙorafi, ba gajiya. Aljihunta na hagu na ganyen koka ne, wanda ake taunawa don kore gajiya, na dama kuma na cakulan da yake lallashin baƙi da shi idan sun zube a kan ƙanƙara sun rantse ba za su ƙara taku ɗaya ba. Ta taɓa ɗumama wani Bajamushe da leɓɓansa suka koma shuɗi a kan dutsen Illimani. Mutumin ya koma ƙasarsu ya rubuto godiya ga kowa, har da jakin da ya ɗauko masa kaya, amma bai ambace ta ba, kuma ba ta riƙe shi a zuci ba. Ba ta da yawan magana. In yana tafiya sai dai ka ji shuu, shuu. Zif ɗinta a ƙuruciya ziiit yake yi lokaci guda, da tsufa ya zo kuwa sai zit, zit, ya tsaya a ƙirji ya huta.

Duk unguwa an san abin da ke rataye da ranta. Shekarar da Don Hilarión ya dawo da yatsun ƙafa biyu baƙi ƙirin, sanyi ya cinye, matarsa Doña Basilia ta ce hawan dutse ya isa haka. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, har ya ce a bar shi zuwa ranar da rigar nan za ta mutu. Doña Basilia ta dubi rigar, wadda tun lokacin ta fara faci, ta ce: "Na yarda, tsoho. Ranar da ta mutu, ranar ka sauka ke nan." Tun daga nan jariri ma bai ga gatan da Barkono ta gani ba. Ba a wanke ta, ba a matse ta, ba a zama kusa da murhu da ita. Salatif kuwa ta sha shi, har sai da jan ya zama sai an nema.

Abin mamaki, ciwonta na zubar gashi ne, duk inda ya bi sai ka ga farin gashi yana tashi a bayansa, amma ba ta taɓa ramewa ba. Kowace shekara in damina ta wuce aka buɗe hawa, sai ya ciro ta ya same ta ɓul-ɓul. Yakan bugi ƙirji ya ce dutse ne ke son ta. Abokan aikinsa sukan ce ai ƙila ƙwai take yi a cikin akwati.

To, bana gwiwoyinsa sun fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, sai tsoro ya kama shi, ya ce lallai a nema wa rigar tsawon rai. Ranar challa kowa yana yayyafa wa dukiyarsa barasa, a ba Pachamama, uwar ƙasa, rabonta. Maƙwabcinsa yana yi wa motarsa ta haya, shi kuma ya rataye Barkono a igiyar shanya, ya naɗa mata zaren takardu masu launi, ya zuba mata barasa mai ƙarfi, ba yayyafi ba, wanka. Ko gidan da yake kwana bai samu rabin haka ba. Sannan bawan Allah nan, da furfurarsa da komai, ya kunna jerin nokawut a ƙarƙashinta don ya kori mugun abu. Kalmarta ta ƙarshe ita ce: fuff.

Doña Basilia ce ta kashe wutar da ruwan wankin dankali. Da aka sauko da gawa aka duba, gashin agwagwar da ke ciki bai kai cikin tafin hannu ba. Sauran duk ulun alfaka ne, dabbar da ake kiwo a tsaunukan nan don gashinta, ja da ruwan ƙasa da kore, irin ragowar saƙar da ake yi a gidan nan. Ta cikin hammata kuma ga ɗinki sirit, layi a kan layi, an farke an mayar ba sau ɗaya ba. Don Hilarión ya daɗe a tsugune da ulun a hannu. Ya san launukan sarai, domin da su aka saƙa hular da ke kansa.

"Tsohuwa, ashe ke ce?"

"Da wa kake zato, agwagwa? Na ga ba ka shirya sauka ba, kuma ban shirya karɓar gawarka daskararriya ba. Amma wannan wutar da hannunka ka kunna, tsoho. Ni ba ruwana."

Bai yi musu ba. Ya yi kuka sosai, ya ce hayaƙi ne, shaidu kuma sun amince da hakan don mutuncinsa.

Marigayiya ta bar safar hannu guda ɗaya, wadda 'yar uwarta ta riga ta faɗa ramin ƙanƙara, da gatarin ƙanƙara, da igiya wadda ita ma jikin ya ja, da gwiwoyi biyu da ke kwance a gida ana shafa musu mai. Ta kuma bar Doña Basilia, wadda ta yi jinyarta shekara da shekaru ba wanda ya ce mata sannu.

Za a binne ta ranar Asabar da safe a tarin duwatsun da ke mashigar gindin Huayna Potosí, daidai inda mota ke tsayawa. Kowa ya zo da dutsensa da ganyen kokarsa. An haramta nokawut. Don Hilarión ya nemi ya kai ta har ƙololuwa da kansa, iyali sun saurari buƙatar cikin girmamawa, sun ƙi. Za a je da shi a mota, a kujerar gaba, a kuma dawo da shi a mota. Bayan an dawo akwai miyar busasshen dankali da naman rago a gida.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya kawo kyautar sabuwar rigar sanyi, Doña Basilia za ta tsaya a bakin ƙofa tana duba ƙunshin kowa. Ulun da ya tsira daga wuta kuwa ba za a binne shi ba. Ta wanke shi, ta fara saƙa masa bargon rufe gwiwa, shi kuma yana zaune a gefenta yana riƙe mata zare.