Rasuwar Mai Hanci, kyamarar da aka kai ramin zinari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yau bai sauka ba, ni Nazifi na Nasarawa Burkullu nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda Innata ta raɗa wa suna Mai Hanci saboda tsawon gilashinta. Ta rasu a farkon daminar bana, ta 2016, bayan jinyar da aka ɓoye mini. Hannun mutum ne ya yi sanadi, kuma sunan mutumin yana cikin wannan sanarwa.

Na same ta a hannun wani ɗalibi lokacin da nake karatu a Maleshiya. Ta riga ta manyanta a lokacin, fatar jikinta ta fara saɓulewa. Ta biyo ni gida ba ta yi ƙorafin zafi ba. Marigayiya mai haƙuri ce. Takan kwanta tare da ni cikin ciyawar fadama tun sanyin safiya har rana ta ɗaga, tururuwa na bin mu duka biyu, muna jiran tsuntsun da bai kai babban yatsa ba. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta ƙyas. In kabare ya buɗe fiffike takan yi ƙyas-ƙyas-ƙyas, ta yi shiru. Ba ta taɓa korar asisi daga kan reshe ba.

Masu cewa aikin banza muke yi, ga aikin. Inna tana rasa ganinta. Likitan ido a Sakkwato ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba yana ba ce da za a kankare, kuma kada mu sa rai idon zai kai wata daminar bayan wannan. Ta tashi tana tsaron gero, ta san tsuntsayen ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, amma yanzu ko an kai ta fadama, sai dai ta ji kukansu. Don haka Mai Hanci take ɗauko su, ni kuma in gyara a kwamfuta. In yanke gefe, in faɗaɗa tsuntsun har ya cika allo, in ɗaga haske, in ƙara wa idonsa kaifi. Launi kuwa nakan ƙara shi fiye da yadda Allah ya yi shi, don launi mai ƙarfi kaɗai ke isa idonta. Malamaina da sun gani da sun ce na ɓata hoto. Inna takan kawo fuska dab da allon bayan La'asar, ta daɗe, sannan ta faɗi sunansa da irin ɓarnar da yake yi a gona.

Wata rana Lauwali, ɗan Kawu Isa, taubashina, mai haƙar zinari ta wajen Bukkuyum, ya tsaya a bayana ina gyaran hoton kabare. Ya ga ƙirjin tsuntsun ya tashi daga fari-fari ya koma rawaya shar. Bai tambaye ni komai ba. Na tafi Gummi ɗaurin aure, ya shiga ɗakina ya ɗauke ta. Ya ɗaura ta a wuya ya sauka rami da ita, zai ɗauki hoton duwatsu, in na dawo kwamfuta ta nuna masa wanda yake da zinari a ciki. Igiyar ta tsinke. Ta faɗa ruwan da ke kwance a gindin ramin.

Jinyar da ya yi mata ta fi faɗuwar muni. Ya wanke ta a rijiya. Ya shanya ta a kan kwanon rufi da tsakar rana. Ya goge gilashin da rigar da yake niƙa dutse da ita. Ya mayar da ita jakarta, ya ja zif, ya ajiye inda ya ɗauka.

Ban sani ba sai a fadama. Mulufi ya sauka gabana a kan karan ciyawa, ya gama rikiɗewa ja da baƙi kamar yadda yake yi da damina kaɗai. Shi Inna take tambaya tun saukar ruwan farko. Na ɗaga Mai Hanci na danna. Ta ce ƙirrr. Ta sake cewa ƙirr, a hankali. Jar laka ta zubo mini a tafin hannu ta gidan batir. Mai gyara a Gusau ya buɗe ta ya rufe. Na Kano ya yi mini gaisuwa tun kafin ya ajiye sukurdireba.

Da na tare Lauwali, dariya ya yi. Ya ce, "Haba bawana, ƙarhe na fa. Na ga tana hiddo rawaya ga tsuntsu, nic ce ta hiddo min ga dutse." Kawu Isa ya zo da kansa har zaure ya ce, "Wasan taubashi na, ba a fushi. Kak ka hwaɗa ma Innarka, bar ta da abin da ad dame ta." Na san wasan taubashi. Lauwali ya ɗauke mini hula, ya ɗauke agogo, ya cinye naman Sallata, duk na bar shi a wasa. Wannan karon daminar ƙarshe ta idon goggonsa ya ɗauka. Wata kyamarar irinta ba za ta iso hannuna ba kafin mulufi ya zubar da jansa ya koma kalar ƙasa. Kyamarar waya kuwa, ɗigo take ɗaukowa, in na faɗaɗa shi ya watse.

Marigayiya ta bar sandarta mai ƙafa uku, wadda ke jingine a lungu ba abin da za ta ɗauka. Ta bar batir biyu, da caja, da murfin gilashi wanda bai bi ta rami ba. Ta bar kwamfuta da hotuna masu yawa, babu mulufi ko ɗaya a cikinsu. Ta bar tsohuwa guda da ba a faɗa wa ba, wadda jiya ma ta ce, "Nazifi, mulufi bai sanya jar rigatai ba har yanzu?"

Ga yadda za a yi jana'iza. Gawa tana cikin jakarta a ɗakina, na sa kwaɗo. Lauwali ya aiko a ba shi kayan cikinta, wai ya ji ana samun zinari a allon na'ura. Ba za a ba shi ko noti ba. Babu sadakar uku, babu ta bakwai. Ba na karɓar gaisuwa ta waya, kuma duk wanda zai ce mini in yi haƙuri ya riƙe abinsa.

Zaman makoki ɗaya ne: ranar Juma'a bayan La'asar, a ɗakin Inna. Za a shimfiɗa wa Lauwali tabarma a gabanta, kusa, inda za ta iya ganin fuskarsa. Kawu Isa zai iya zuwa ya saurara. Ni ba zan ce komai ba. Lauwali ne zai faɗa wa goggonsa da bakinsa inda ya kai Mai Hanci da abin da ya je nema.

In bai zo ba, ranar Asabar da safe zan goya Inna a babur har bakin ramin, ta leƙa ta kira shi da kanta.